Jar Fitila a Goshin Suwici: Yadda Nake Bin Ƙararrawa da Duba SFP Kafin in Zare Komai

Idan na shiga ɗakin na'urori na tarar fitilar ƙararrawa ta ALM ta yi ja a goshin suwici, wato na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwa, hannuna ba ya zuwa kan waya. Kujera nake ja, in buɗe kwamfuta, in shiga suwicin ta hanyar sadarwa da SSH, ko ta wayar konsol a gudun 9600 idan hanyar ta yanke. Duk abin da ka taɓa kafin ka karanta, ka goge shaida. Zare SFP, ɗan ƙarfen da ake jona faiba da shi a ramin suwici, da mayar da shi na iya dawo da layi na kwana biyu, amma ya tafi da amsar abin da ya kashe shi tun farko. Zan bi matakan a kan suwicin Juniper na jerin EX da QFX masu aiki da manhajar Junos, domin su na fi riƙewa, inda Cisco ta sha bamban kuma zan faɗa.

Umarni biyu nake fara bugawa: show chassis alarms, sannan show system alarms. Na farko yana ba da labarin ƙarfen kansa, wato wuta, fanka, zafi da ramin gudanarwa. Na biyu ya fi karkata ga manhaja, saiti da lasisi, ko da yake a wasu samfuran za ka ga jerin biyun suna maimaita juna. Kowace ƙararrawa tana zuwa da lokacinta, da ajinta, da bayaninta. Major ita ce ja, Minor rawaya. Lokacin nake fara kallo kafin bayanin, saboda shi zan kai in gwada da sauran abubuwan da suka faru: ɗaukewar wuta, tashin janareta, ko shigar wani ma'aikaci ɗakin. Shi ya sa idan agogon suwicin ba daidai yake ba, aikin ya gurgunce tun daga nan. Ina duba show system uptime da show ntp associations, in tabbatar akwai tauraro a gefen ɗaya daga cikin sabobin lokaci, alamar cewa suwicin ya kama shi.

Akwai ƙararrawa guda biyu da nake tararwa a kan suwici da yawa, sun yi wata da watanni a kunne, kowa ya saba da su. Ɗaya ita ce Rescue configuration is not set, rawaya ce, tana nufin ba a ajiye saitin ceto ba. Maganinta layi ɗaya ne: request system configuration rescue save, bayan ka tabbatar saitin da ke aiki yanzu lafiyayye ne. Ɗayar kuma Management Ethernet Link Down, ja ce, tana tashi idan ba a sa waya a ramin gudanarwa ba, wato me0 a yawancin EX ko em0 a QFX. Idan da gangan aka bar ramin babu waya, sai a shiga saiti a rubuta set chassis alarm management-ethernet link-down ignore, a yi commit don saitin ya fara aiki. Ba na barin waɗannan biyun, kuma ina roƙon duk mai riƙe da suwici kada ya bar su. Fitilar ALM ɗaya ce tak. Idan ta riga ta yi ja saboda ramin da ba a amfani da shi, ranar da akwatin wuta ya mutu babu abin da zai canza a goshin na'urar, mai wucewa kuma ba zai tsaya ba.

Wata da ke yawan fitowa inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa ita ce Boot from backup root. Tsofaffin EX irin su EX2200, EX3300 da EX4200 suna ajiye kwafi biyu na Junos. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, kwafin farko kan lalace, suwicin ya tashi daga na biyu. Aiki zai ci gaba kamar babu komai, amma yanzu a ƙafa ɗaya kake tsaye. Ina gyara kwafin da ya lalace da request system snapshot slice alternate, sannan in nemi lokacin da ba a cunkoso in sake tayar da shi. Bayan haka sai in je in duba batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, domin can asalin ciwon yake.

Daga nan sai show chassis environment. Yana jera akwatunan wuta, da ma'aunan zafi, da fankoki, kowanne da matsayinsa: OK, Absent, Check ko Failed. Absent na nufin babu komai a gurbin. Idan akwatin yana nan amma ba ya ba da wuta, kafin in yanke masa hukunci ina bin wayarsa har zuwa soket, domin sau da yawa wayar ce ta saki ko an kashe layin da ke ciyar da ita. Abin da ke ɓata min rai a nan shi ne in tarar da akwatunan wuta biyu duk a jone da soket ɗaya. An sayi na biyun ne don ya tsaya idan na farko ya faɗi, to in dai tushensu ɗaya, tare za su faɗi.

Batun zafi kuwa, kada ka yi hasashen iyaka. Buga show chassis temperature-thresholds, zai nuna maka digirin da fanka ke ƙara gudu, da na ƙararrawar rawaya, da na ja, da wanda suwicin zai kashe kansa. Lambobin sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Sau da yawa kunne yana riga allo sanin labari: idan fankoki suna kuka da ƙarfi ba tsayawa, iska ba ta wucewa. A lokacin hunturu ƙura kan toshe ramukan iska cikin 'yan makonni idan ɗakin ba a rufe yake da kyau ba, a bazara kuma mutuwar na'urar sanyaya ɗaki na awa ɗaya ta isa. Sai kuma kuskuren da ake yi wajen sayen kayan canji. Fanka da akwatin wuta na EX4300 da QFX5100 iri biyu ne, AFI da AFO, ɗaya yana jan iska ciki, ɗaya yana fitar da ita. Idan ka haɗa su a suwici ɗaya za su riƙa juya iska mai zafi a tsakaninsu, suwicin kuma zai ta da ƙararrawa. Karanta tambarin tsohon kafin ka yi odar sabo.

A Cisco, show environment all da show logging su ne ke ba da irin wannan labarin.

Yanzu ga inda aikin ya fi zurfi. SFP na iya kusan mutuwa fitilar ALM tana nan lafiya lau, babu ja babu rawaya. Raunin haske sau da yawa ba ya hawa jerin ƙararrawar ƙarfe, sai dai ya ɓuya a cikin rajistar saƙonni, ko ya fito a matsayin koken masu amfani cewa intanet na jan ƙafa. Saboda haka ko jerin ya fito babu komai, ba na tashi sai na duba kowane rami mai faiba.

SFP ɗan ƙarfe ne kamar tsawon yatsa, yana juya lantarki ya zama haske a baki ɗaya, ya juya haske ya zama lantarki a ɗaya bakin. SFP zalla yana ɗaukar gigabit 1, SFP+ 10, SFP28 25, QSFP+ 40, QSFP28 kuma 100. A cikinsa akwai 'yar ma'ajiya da suwici ke karantawa. Ƙa'idar SFF-8472 ta tsara cewa adireshin A0h ya ɗauki sunan kamfani, lambar samfuri, lambar siriyal da tsawon zangon haske, A2h kuma ya ɗauki awon lafiyarsa na yanzu-yanzu. Wannan awon shi ake kira DOM ko DDM. Na QSFP yana ƙarƙashin SFF-8636.

Tambayar farko: me aka sa a ramin? show chassis hardware zai jera kowane SFP a layin da ya fara da Xcvr. Na Juniper suna da lambar da ta fara da 740, misali 740-021308 na 10G SR ne, 740-021309 na 10G LR. Na wani kamfani zai iya fitowa da NON-JNPR. Don ƙarin bayani ina buga show chassis pic fpc-slot 0 pic-slot 1, ina canza lambobin gwargwadon inda ramin yake, sai ya nuna nau'in faiba, kamfani da tsawon zango. Abin da nake nema shi ne ɓangarorin biyu na layin su dace. SR yana aiki a nanomita 850 a kan faiba mai faɗin ciki, mita 300 a ajin faiba na OM3, mita 400 a OM4. LR yana aiki a 1310 a kan siririyar faiba har kilomita 10. ER a 1550 har kilomita 40. SR ba zai yi magana da LR ba ko da tazararsu taku biyu ce. Launin rigar waya yana taimakawa: rawaya siririya ce, mai launin ruwan teku OM3 ko OM4, ruwan lemo tsofaffin OM1 da OM2. Masu zare ɗaya, wato BiDi, dole a haɗa su kishiya da kishiya. Idan wannan yana aikawa a 1270 yana karɓa a 1330, na can ya aika a 1330 ya karɓa a 1270. Biyu iri ɗaya ba za su taɓa ganin juna ba, kuma a ido kamarsu ɗaya, sai ka karanta tambari.

Wani tarko na Junos da ke cinye wa sababbin ma'aikata rabin yini: sunan rami yana bin abin da aka sa a ciki. Ka sa SFP+ na gigabit 10, ramin ya zama xe-0/0/5. Ka zare ka sa na gigabit 1, ya koma ge-0/0/5, duk saitin da ka rubuta a ƙarƙashin xe kuma ba zai shafe shi ba. Haske lafiya, layi a sama, amma babu abin da ke wucewa saboda sabon sunan ba ya cikin kowace VLAN, wato rukunin ramukan da ke magana da juna. A Cisco tarkon daban ne: SFP ɗin da ba ta gane ba kan sa ta rufe ramin, show interfaces status err-disabled ya nuna dalilin gbic-invalid. Akwai umarnin service unsupported-transceiver da ke buɗe hanya a samfura da yawa, amma ka sani idan matsala ta taso kamfanin zai iya cewa ka fara sa nasu kafin su saurare ka. Ni ina ajiye na asali guda ɗaya ko biyu na kowane nau'i don gwaji kawai.

Sai karatun lafiya: show interfaces diagnostics optics xe-0/1/0. A Cisco show interfaces transceiver detail, a sabar Linux ethtool -m da sunan katin. Abu biyar ake aunawa: zafin SFP, ƙarfin wutar da ke shigarsa, wutar da ke tura leza, hasken da yake fitarwa, da hasken da yake karɓa. Kowanne yana da iyaka huɗu da kamfanin ya rubuta a cikinsa, gargaɗi da ƙararrawa ta sama, gargaɗi da ƙararrawa ta ƙasa. Junos yana rubuta On ko Off a gaban kowacce. Cisco tana sa alama a gefen lambar: ++ da + na sama, - da -- na ƙasa.

Biyun farko ba sa cin lokaci. Wuta bolt 3.3 ce, da sassaucin kashi 5 cikin 100, wato tsakanin 3.135 da 3.465. Idan SFP da yawa a suwici ɗaya suka nuna ta sauka tare, laifin na suwicin ne. Zafi kuwa, na kasuwa an gina su ne don digiri 0 zuwa 70, na masana'antu daga -40 zuwa 85. Duk akwatin da ke waje a rana, na masana'antu ya kamata a sa masa. SFP+ na tagulla, mai ramin RJ45 na gigabit 10, yana shan wuta kusan wat 2.5, ya ninka na faiba, yana kuma dumama maƙwabtansa, don haka ba na jera su kusa da juna. Shi da wayar DAC, wato wayar tagulla mai kan SFP a manne, ba su da haske, kada ka yi mamaki idan ba su ba ka awon haske ba.

Hasken ne ke buƙatar natsuwa. Ana auna shi da dBm. Sifili daidai yake da miliwat 1. Duk saukar 3 rabin hasken ya tafi, duk saukar 10 kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya saura. Wato -13 ba ɗan ƙasa da -10 ba ne, rabinsa ne. Idan ka ga -40, ko Junos ya rubuta - Inf, babu haske sam: waya ta yanke, ko ɗaya ɓangaren a kashe yake, ko an juya zaren biyu, mai aikawa yana kallon mai aikawa. Ƙa'idar 10GBASE-LR ta ce mai aikawa ya fitar da tsakanin -8.2 da +0.5, mai karɓa kuma ya samu tsakanin -14.4 da +0.5. Ta SR, karɓa tsakanin -9.9 da -1.0. Ta ER, aikawa har +4.0, amma karɓa kada ta wuce -1.0. Ka lura da wannan na ƙarshe. Idan ka haɗa ER biyu da gajeriyar waya, hasken ya fi ƙarfin idon mai karɓa, zai riƙa kuskure, a masu dogon zango irin ZR ma yana iya ƙonewa. Maganin shi ne maragin haske na dB 5 ko 10 a bakin karɓa, dB kuwa shi ne bambancin da ke tsakanin lambobin dBm biyu. Yawan haske ciwo ne kamar ƙarancinsa.

Amma zama cikin iyaka bai isa a ce lafiya ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Lambar da na gani ina gwada ta ne da lambar da ya kamata in gani. A ce layi ne na LR mai kilomita 6, can ɓangaren yana fitar da -2.5. Siririyar faiba tana cin kusan dB 0.35 a kowace kilomita a zangon 1310, wato 2.1. A ce akwai mahaɗa huɗu a hanya, in ba kowacce 0.5, ya zama 2.0. Ɗinki huɗu, wato inda aka haɗe zare biyu suka zama ɗaya, kowanne 0.1, ya zama 0.4. Jimilla 4.5. Ke nan ya kamata in karɓi kusan -7. Idan allo ya nuna -12.5, babu ƙararrawar da za ta tashi domin ban kai -14.4 ba, amma dB 5.5 sun ɓace a wani wuri, kusan kashi uku cikin huɗu na hasken ke nan. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai datti, ko lanƙwasa, ko ɗinkin da ya fara sakewa, kuma abin da ya ci biyar zai ci bakwai.

Sai dai a yi wa lambar adalci. SFF-8472 ta yarda awon haske na cikin SFP ya kauce har dB 3 sama ko ƙasa, duk da cewa masu kyau sun fi haka daidaito nesa ba kusa ba. Don haka ba na rigima a kan bambancin dB ɗaya tsakanin SFP biyu. Abin da nake amincewa da shi shi ne canjin lambar SFP guda a tsawon lokaci. Idan ana buƙatar lamba ta gaskiya, a kawo mitar haske, a saita ta a zangon da ya dace.

Ba a gane layi daga ɓangare ɗaya. Ina buɗe taga biyu, suwicin nan da na can, in rubuta lambobi huɗu: aikawa da karɓa na kowanne. Idan karɓata ta yi ƙasa, aikawar can kuma daidai take, matsalar tana kan zaren da ke zuwa wurina ko a idon SFP ɗina. Idan aikawar can ce da kanta ta sauka, sai in kalli wutar da ke tura lezarsa. Leza idan ta tsufa tana neman ƙarin wuta don ta ba da hasken da ta saba, SFP ɗin yana ƙara mata a hankali, har ya kai inda ba zai iya ba. Wutar tura leza da ke hawa wata bayan wata alhali zafi bai canza ba, wannan SFP ne mai bankwana, a canza shi a lokacin da aka zaɓa. Idan ɓangarorin biyu duk sun yi asara kusan daidai, ina zargin abin da ya shafi zaren biyu tare: ƙofar rak ta danne waya, an ɗaure ta da robar ɗauri har ta shaƙe, ko an taɓa kebul a hanya. Idan ɓangare ɗaya ne kawai, mafi yawanci datti ne a kan baki guda.

A QSFP mai layi huɗu, kowane layi yana da nasa lambobin, a duba su ɗaya bayan ɗaya. Uku lafiya ɗaya a ƙasa ya isa ya hana ramin tashi, kuma a SR4 wannan kan nuna datti a kan bakin MPO, inda zare takwas cikin sha biyu ke aiki. Idan haske ya cika ta ko'ina a gigabit 25 ko 100 amma layi ya ƙi tashi, kafin in zargi ƙarfe ina duba FEC, tsarin gyara kuskuren saƙo a hanya. 100G SR4 yana buƙatar RS-FEC, LR4 ba ya buƙata, kuma idan ɓangare ɗaya ya kunna ɗaya ya kashe ba za su daidaita ba. Wannan ya fi faruwa tsakanin na'urorin kamfanoni biyu.

Lambobin haske suna tafiya tare da lambobin kuskure. show interfaces xe-0/1/0 extensive zai nuna Carrier transitions, wato sau nawa layin ya faɗi ya tashi, da Framing errors, da CRC/Align errors. Kuskuren CRC, wato saƙon da ya iso a lalace, mai karɓa ne ke ƙirga shi, don haka ɓangaren da lambar ke hawa shi ne ake kawo wa gurɓataccen haske. Lamba mai yawa ba ta nufin komai idan ta shekara biyu tana taruwa. Ina rubuta ta, in buga clear interfaces statistics da sunan ramin, in jira minti goma, in sake dubawa. Sannan show log messages | match xe-0/1/0 don in ga lokutan SNMP_TRAP_LINK_DOWN. Idan faɗuwar tana zuwa kullum da tsakar rana, zafi nake nema. Idan tana bin sauyin wuta zuwa janareta, wuta nake nema. A Cisco saƙon da ke ɗauke da SFF8472 da THRESHOLD_VIOLATION shi ne SFP ke cewa ya tsallake iyaka.

Sai bayan duk wannan nake tashi daga kujera, kuma abin da nake ɗauka na farko kayan shara ne, ba sabon SFP ba. Cikin siririyar faiba, inda hasken ke bi, faɗinsa maikiron 9 ne, gashin kai ya ninka shi sau da yawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ko maiƙon yatsa sun isa su rufe shi. Idan aka matse baki mai datti a cikin SFP, dattin yana komawa ciki, yana kuma iya ƙarzar gilashin har abada. Tsarin shi ne a duba, a share, a sake dubawa, sannan a haɗa. Dubawa da madubin faiba ake yi, ƙa'idar IEC 61300-3-35 ce ta fayyace abin da ya wuce da abin da ya faɗi. Sharewa da alƙalamin shara mai dannawa, na milimita 1.25 don bakin faiba irin LC, na 2.5 don irin SC. Idan maiƙo ya ƙi fita, ɗigon isofurofil mai tsabtar kashi 99 a kan ƙyallen da ba ya zubar da zare, a ja daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshe. Ba a hurawa da baki, ba a gogawa a riga. Sabuwar waya daga leda ma ana duba ta, domin murfin roba yana kare ta daga karo ne, ba ya tabbatar da tsabta.

Ɗan'uwa, kada ka leƙa bakin faiba ko ramin SFP da ido don ka ga ko akwai haske. Hasken 1310 da 1550 ba a ganinsa, ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba. Mita ce ke wannan aikin.

Ina kuma kallon launin bakin. Shuɗi UPC ne, kore APC ne mai yankan digiri 8. SFP na yau da kullum shuɗi yake karɓa. Haɗa kore da shuɗi yana cin haske sosai, yana kuma lalata fuskokin biyu. Sannan in bi wayar da hannu a hankali, ina neman inda aka naɗe ta da ƙunci. Ba na yarda da lanƙwasar da ta fi ta gindin kofin shayi matsewa.

Idan shara ba ta dawo da hasken ba, sai rarrabewa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ina musanya zaren biyu a duka ɓangarorin. Idan raunin ya koma ɗaya ɓangaren, ya bi zare, laifin hanya ne, aikin ya koma na mai OTDR, na'urar da ke gano inda haske ke ɓacewa a tsawon faiba. Idan ya tsaya inda yake, SFP ne ko rami. Daga nan in juyo da SFP ɗin kansa da gajeriyar waya mai tsabta, bakin aikawa zuwa bakin karɓa, in ga ko abin da ya karɓa ya yi kusa da abin da ya fitar. Hattara biyu a nan. ER da ZR sai da maragin haske. Kuma a fitar da ramin daga VLAN ɗin aiki tukuna, domin juyo da rami a kan kansa madauki ne, zai iya cika hanyar sadarwa da ambaliyar fakiti idan babu abin da ya tare shi.

Wajen canzawa, igiyar sauke lantarkin jiki a wuyan hannu, a zare faiba tukuna a rufe bakinta, a sauke ɗan marfin ƙarfen, a ja a miƙe ba tare da murɗawa ba. Yana iya yin zafi a hannu. Sabon a tura shi har sai an ji ya kama, a ba suwici kamar daƙiƙa goma ya karanta shi, a share waya, sannan a haɗa. Idan sabon da aka tabbatar da lafiyarsa ya ƙi aiki a wannan ramin amma ya yi a na kusa, ramin ne ya mutu. Wanda aka cire a liƙa masa takarda da kwanan wata da dalili, kada ya koma cikin akwatin kayan canji ya sake ɓata wa wani dare. Ramin da ba komai a ciki a toshe shi da murfinsa.

Duk wannan da hannu ne, kuma ba mai iya yinsa kullum a kan ramuka ɗari. Shi ya sa nake tura saƙonnin suwici zuwa sabar syslog mai tara rajista ta UDP 514, sanarwar gaggawa ta SNMP ta UDP 162, in bar manhajar sa ido irin LibreNMS ko Zabbix su riƙa ɗebo awon haske da zafi duk minti biyar suna zana shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da aka kunna layi, yana sabo yana da tsabta, ranar ake rubuta lambobinsa huɗu, da wutar tura leza, da lambar siriyal. Iyakar da nake saka wa na'urar sa ido ba ta kamfani ba ce. Idan karɓa ta sauka dB 2 daga lambar ranar farko, ina so a tashe ni, ko da saura dB 6 kafin SFP ɗin ya yi kuka da kansa.

Bayan gyara ina sake share ƙididdigar ramin a ɓangarorin biyu, in buga show chassis alarms in ga ya amsa da No alarms currently active, in rubuta sababbin lambobin a gefen tsofaffin. Ba na rufe takardar aikin sai layin ya yi awa 24, ya ratsa zafin rana da sanyin asuba da aƙalla sauyin wuta ɗaya, Carrier transitions bai ƙaru ba, CRC kuma yana kan sifili.